Gadar Gaya da Layin Wutar Birnin Kebbi: Abin da Rabuwar Sahel da ECOWAS Ta Haifar

A Gaya, can ƙuryar kudancin Nijar, akwai gada a kan kogin Kwara wadda ta haɗa garin da Malanville ta Jamhuriyar Benin. Shekara da shekaru ita ce maƙogwaron Nijar. Shinkafa, man girki, magani, taki, kayan gyaran mota, duk daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ake loda su a tirela, a yi kwanaki ana haurowa arewa, a hau gadar, sannan kaya su watsu zuwa Dosso, Yamai, Maraɗi da Damagaram. Tun ƙarshen Yulin 2023 aka rufe ta, daga baya aka gindaya kwantenoni a kanta, soja na gadi. Amma wanda ya gangara bakin ruwa zai tarar kasuwa na ci. Kwale-kwale na shan lodin buhuna da jarkoki da babura da fasinjoji, 'yan dako na tsoma ƙafa cikin laka da kaya a ka. Kowane buhu sai an sauke shi daga mota, an ɗora a jirgi, an sake saukewa a ɗaya gaɓar, an nemi wata motar. Duk saukewa da ɗorawa kuɗi ne, kuma a kan kwanon shinkafar da uwargida ta aika yaro ya auno a Yamai lissafin yake ƙarewa.

ECOWAS ta ba da umarnin rufe gadar, don horon sojojin da suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Da aka janye takunkumi a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, sai Nijar ta ce ita ba ta buɗewa, domin a cewar shugabanninta akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin da ake ƙulla mata makirci a cikinsu. Kwatano da Paris duka sun musanta, amma har 2025 ta ƙare gadar na nan a toshe. Diflomasiyya ta rufe, tsaro ya hana buɗewa, ɗan kasuwa da mai cefane ke biyan tara. Wanda ya fahimci yadda waɗannan suka sarƙe a kan gada guda ya kama bakin zaren rikicin da ya raba Afirka ta Yamma gida biyu.

ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. Waɗanda suka yi mata ɗawainiya, Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Janar Gnassingbé Eyadéma na Togo, sojoji ne. A wannan shekarar Seyni Kountché ke mulkin Nijar, Moussa Traoré ke mulkin Mali, Sangoulé Lamizana ke riƙe da ƙasar da daga baya ta zama Burkina Faso, kuma dukansu kaki suke sawa. Don ciniki aka kafa ƙungiyar tun asali, babu wanda ya sa zaɓe cikin sharuɗɗa. Babbar kyautar da ta yi wa talaka ita ce yarjejeniyar 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Da wannan ne ɗan Tawa ke sayar da shayi a Abidjan, ɗan Kano ke kai fata Lome, ɗan Sakkwato ke neman kuɗi a zangon Kumasi.

Yaƙe-yaƙe ne suka ja ta cikin harkar tsaro. Dakarunta na ECOMOG sun shiga Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, kuma Najeriya ce ta ɗauki mafi nauyin kuɗi da jini. A 2001 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta haramta hawa mulki ta bayan gida. A watan Janairun 2017, da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓe, barazanar dakarun ƙungiyar ta sa ya tattara ya bar Gambiya. Wannan nasarar ta daɗe tana yi wa manyan Abuja daɗi, har suka ɗauka abin da ya yi aiki a kan ƙasa mai mutum miliyan biyu, wadda Senegal ta kewaye ta kusan ko'ina, zai yi aiki a ko'ina.

Alhali kuwa tsatsa ta riga ta ci ƙarfen. A 2020 Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini ya zarce wa'adi na uku, Alassane Ouattara ma ya tsaya karo na uku a Kwaddibuwa, ƙungiyar ba ta ɗaga murya yadda ya kamata ba. Matasan Bamako da Wagadugu sun lura da haka, suka yanke hukuncin cewa ƙungiyar ta shugabanni ce, tana ganin laifin mai bindiga, ba ta ganin na mai alƙalami. Sai juyin mulki ya riƙa zuwa kamar ruwan Agusta: Mali a 2020 da 2021, Gini a 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Mali a Janairun 2022 bai kai wata shida cikakku ba aka janye shi, bayan ya cika titunan Bamako da masu goyon bayan shugaban mulkin soja Assimi Goïta. Darasin a fili yake, amma ba a karanta shi ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka tsare Bazoum, kwana biyu bayan haka Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin jagora. Bola Tinubu bai cika wata biyu a kan mulkin Najeriya ba, bai cika sati uku da karɓar shugabancin ECOWAS ba, kuma ko ministan harkokin waje ba shi da shi, domin sai 21 ga Agusta aka rantsar da ministocinsa. A cikin wannan hali aka taru a Abuja ranar 30 ga Yuli aka yanke hukunci mafi tsanani a tarihin ƙungiyar: rufe iyakokin ƙasa da na sama, daskarar da kuɗin gwamnatin Nijar da ke babban banki, dakatar da ciniki, da wa'adin mako guda na a mayar da Bazoum ko a fuskanci ƙarfin soja. Washegari Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Wa'adi ya cika, ba a ga soja ba. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana, ita ma ba ta taɓa motsawa ba.

Abin da ya motsa shi ne makunnin wuta. Kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa a lokacin, babban layinsa ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai tun shekarun 1970. A farkon Agusta aka katse shi. Wannan layi yana da tarihi, domin kogin da ke juya injinan Kainji ta Nijar yake ratsowa, kuma an daɗe da fahimtar juna cewa Najeriya za ta sayar da wuta da rahusa, maƙwabciyarta kuma ba za ta tare ruwa ta yadda zai cuci na ƙasa ba. Juyin mulki nawa aka yi a ƙasashen biyu, ba a taɓa layin ba. Da aka taɓa shi, wanda ya ji a jikinsa shi ne tela, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, da majinyacin da ke kwance a asibiti cikin zafi. Fadar gwamnati ba ta rasa janareta ba. A ra'ayin wannan sharhi, babu kuskuren da ya kai wannan tsada a duk rikicin, domin ya koya wa kowane ɗan Nijar, mai son soja da mai ƙinsu, cewa dogaro da maƙwabci igiya ce a wuya. An mayar da wutar a Maris 2024, amma amanar ba ta dawo tare da ita ba, kuma duk gwamnatin da za ta zo a Yamai za ta sa madatsar ruwa ta Kandadji a gaba da wannan tunanin a zuciya.

Maganar yaƙi kuwa a arewacin Najeriya ta fara mutuwa. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda tsakanin 1890 da 1906, suka bi ta tsakiyar dangi. Sarkin Maraɗi har yau sarautarsa Sarkin Katsina ce, domin zuriyar sarakunan da suka bar Katsina bayan jihadi ne suka kafa garin. Gobir tana Tsibiri, tana Sabon Birni. Akwai manomin da gidansa ke Najeriya gonarsa ke Nijar, akwai wanda surukansa ke ƙetare, tafiyar rabin sa'a a babur. Irin waɗannan mutane aka ce su zuba ido a kai yaƙi ta ƙofar gidansu. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawan Najeriya ta nuna ba ta goyon bayan amfani da ƙarfi, kuma waɗanda suka iya buɗe ƙofar Tiani masu rawani ne da malamai. Tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta fara komowa ba tare da ganinsa ba, sai Muhammadu Sanusi II ya shiga tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamai a ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, sannan Abdulsalami ya koma aka karɓe shi. Zumunci ya yi abin da wasiƙun ofis suka kasa.

Wata bakwai da rabi iyakar ta yi a rufe, kuma wanda ya san Illela, Jibiya, Kongolam ko Maigatari ya san abin da hakan ke nufi. Albasar Galmi da dabbobin Nijar ke gangarowa kudu, masara da gero da kayan masana'anta ke haurawa arewa daga Dawanau da Kantin Kwari. A makonnin farko manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin shinge, direbobi da yaran mota na kwana a ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa cikin buhu a tsakiyar damina har wari ya hana tsayawa kusa. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, ta rame. Ciniki bai mutu ba, hanya ya sauya, kamar yadda ya yi lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ya koma daji, a kan babura da amalanke, cikin dare. Kuma dajin nan ba fanko ba ne. Duk kayan da suka bar hanyar kwastan sai sun bi ta inda 'yan bindiga ke karɓar nasu kason, don haka matakin da aka ɗauka don kare dimokuraɗiyya ya ƙara wa ɓarayin daji kuɗin shiga.

Ranar 16 ga Satumba 2023 Mali, Burkina Faso da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma, suka kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel, AES. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka sanar da ficewa daga ECOWAS, ranar 6 ga Yuli suka mayar da ƙawancen tarayya a taron Yamai, ranar 29 ga Janairu 2025 kuma rabuwar ta tabbata. Sun tafi da fiye da rabin faɗin ƙasar ƙungiyar da mutum sama da miliyan 70, amma rabonsu a arzikin yankin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma babu ko ɗayansu da ke da bakin teku.

Kalmar da ta fi yawo a bakin mutanen Nijar tun daga lokacin ita ce diyauci, taken da ake rerawa a taruka kuma shi ne “zancen ƙasa ne”. Kuskure ne a ɗauka farfaganda ce kawai. Faransa ta shigo Mali da soja a 2013, ta shekara kusan goma da dubban dakaru a yankin, Majalisar Ɗinkin Duniya na da nata sama da dubu goma, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas da kuɗi sama da dala miliyan 100, amma kowace shekara kashe-kashe ƙaruwa suke yi. Talaka ya yi tambaya mai sauƙi: masu ganin komai daga sama, yaya ba sa ganin ayarin babura? Ba a taɓa ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Sojojin Faransa kusan 1,500 sun gama barin Nijar a Disambar 2023, na Amurka kusan dubu sun gama fita a Satumbar 2024, masu horarwa na Rasha sun sauka a Yamai a Afrilun 2024, jiragen Turkiyya marasa matuƙi sun zama makamin da ake ji da shi. Guguwar ba ta tsaya a AES ba, domin Chadi, Senegal da Kwaddibuwa duk sun karɓi sansanonin Faransa a 2025, ba tare da sun bar wata ƙungiya ba.

Korar baƙo abu ne, tsare gida wani abu ne. Sojojin Mali sun ƙwato Kidal a Nuwambar 2023, nasarar da ta faranta ran 'yan ƙasar ƙwarai, amma a Yulin 2024 aka yi musu mummunan kwanton ɓauna tare da mayaƙan Wagner na Rasha a Tinzawaten, a Satumba kuma ƙungiyar masu tayar da ƙayar baya ta JNIM ta kai hari cikin Bamako kanta. A Barsalogho ta Burkina Faso an kashe fararen hula masu yawan gaske a Agustan 2024 suna haƙa ramukan kariya. A Fambita ta jihar Tilaberi, a watan azumin 2025, an kashe mutum 44 a masallacin Juma'a. Ma'aunin ta'addanci na duniya ya nuna fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a 2024 a yankin Sahel suka mutu. Daga Satumbar 2025 JNIM ta koma ƙona tankokin mai a hanyoyin da suka taso daga Senegal da Kwaddibuwa, har aka rufe makarantu a Mali saboda rashin fetur. Masu tayar da ƙayar baya sun gane abin da 'yan siyasa suka yi jinkirin ganewa, cewa ƙasar da ba ta da teku hanyoyinta ne ranta. Rundunar haɗin gwiwa mai soja 5,000 da AES ta sanar a Janairun 2025 wannan ne aikin da ke jiranta.

A nan laifi ya koma kan Yamai. A ƙarshen Maris 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, wadda ke da hedikwata a Njamena, tana cewa za ta mayar da hankali kan tsaron rijiyoyin mai. Wannan rundunar ba ta ECOWAS ba ce, Chadi da Kamaru ma ba 'yan ECOWAS ba ne, don haka babu dalilin da fushin Abuja zai shafe ta. Mutanen Borno ba su manta ba cewa a Maris 2015 sojojin Nijar da Chadi ne suka ƙwato Damasak da Malam Fatori daga hannun Boko Haram, mutanen Difa kuma sun san yawan 'yan gudun hijirar da suka raba abinci da su. Ɗan Boko Haram da aka koro daga Abadam kogin Komadugu kawai zai tsallaka. A yamma ma haka ne: 'yan Lakurawa da hedikwatar tsaron Najeriya ta yi shelar bayyanarsu a Nuwambar 2024, a Tangaza da Gudu da wasu sassan Kebbi, sun daɗe suna shawagi a bakin iyaka, kuma raunin sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulki ya ba su sarari.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024 ya sa hannu kan takardar fahimtar juna da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou. Wata huɗu bayan haka, ranar 25 ga Disamba, Tiani ya yi doguwar hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa. Nuhu Ribadu, mai ba Tinubu shawara kan tsaro, ya fito shi ma da Hausa ya musanta. Abin lura a nan shi ne harshen. Rigimar ƙasashe biyu da takardunsu ke Turanci da Faransanci ta koma ana yin ta da harshen da ake ciniki da shi a Ƙonni da Illela, kowane ɓangare na neman kunnen mutane guda. A 2025 kundin mulkin riƙon ƙwarya na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ta fuskar arziki, Nijar ta shiga wannan rigima ne daidai lokacin da take shirin cin gajiyar babban jarinta. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, don fitar da ganga 90,000 a rana, bayan 20,000 da matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ke tacewa tun 2011. Man na Nijar ne, bakin bututun na Benin ne. A Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana loda jirgin farko, yana cewa ba za a rufe masa gada a sama a riƙa wuce masa da mai ta ƙasa ba. Sin ce ta shiga tsakani, domin ita ke da kuɗi a ciki, har da dala miliyan 400 da ta ba gwamnatin Tiani kafin alƙalami a kan man da ba a sayar ba tukuna. Man ya koma gudana, ya ɗaga ma'aunin bunƙasar arzikin Nijar a 2024 zuwa sahun gaba a Afirka, amma a shekarar ce kuma tsadar abinci ta fi gallabar mutane. Ganga ba ta shiga tukunya kai tsaye.

Labarin yuraniyom ya fi taɓa zuciya. Tun 1971 ake haƙar sa a Arlit, ya haska biranen Faransa, alhali ko kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Nijar ba su da lantarki. Da gwamnati ta ƙwace lasisin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, ta kuma mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, da wuya a sami ɗan ƙasar da bai ji wani sanyi a rai ba. Sai dai hanyar da aka saba fitar da shi ita ce ta Kwatano, ta kan gadar nan ta Gaya. Sai kaya suka taru a Arlit, shari'a ta je gaban kotun sasanci ta duniya, mai saye kuma sai ya yi tunani sau biyu. Sinawa ma ba su tsira ba, domin a Maris 2025 an sallami manyan jami'an kamfanonin mai uku daga ƙasar.

Akwai kuma igiyar da ba a tsinke ba. Ƙasashen uku har yanzu suna cikin ƙungiyar masu amfani da sefa, babban bankinsu na Dakar, kuɗinsu na ɗaure da yuro a kan sefa 655.957. Ta wannan bankin aka shaƙe Nijar a 2023, har ta rage kasafin kuɗinta da kashi 40 cikin ɗari, ta kasa biyan basussuka na watanni. Ana ta maganar sabon kuɗi, amma masu mulki sun san buga takarda ba wuya, sa mutane su yarda da ita ne aiki, kuma misali na nan a maƙwabta. Naira da ke kusan 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan canji a Jibiya ko Wapa ya ga jakar sefa ta ninka a hannunsa, hatsin Najeriya ya zama araha ga mai sefa, manyan motoci suka riƙa kwasa, har hukumomin Najeriya suka shiga tare motocin abinci a hanyoyin iyaka. Cire tallafin mai a Najeriya ya juya wani tsohon lissafin. Shekaru da dama jarkokin 'yan bumburutu daga Najeriya ne ke cike giɓin fetur a kudancin Nijar, da man ya yi tsada suka ragu, nauyi ya koma kan SORAZ wadda ba ta iya wadatar da ƙasar, aka wayi gari a Maris 2025 da dogayen layuka a gidajen mai. Shawarar da aka yanke a dandalin Eagle na Abuja ranar rantsar da Tinubu ta isa Maraɗi ba tare da ta nemi biza ba.

Neman mafita ya kai Nijar Lome. Kaya kan sauka a tashar Togo, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari mai rakiyar soja, ta tsakiyar yankin da ya fi ko'ina haɗari. Direba kan yi makonni yana jiran ayari ya haɗu, wasu ba su komo gida ba. Maroko ta yi tayin buɗe wa ƙasashen Sahel hanya zuwa tekun Atlantika, amma hanyar ba a gina ta ba tukuna. Aljeriya, wadda ake fatan bututun iskar gas daga Najeriya zai ratsa Nijar ya isa gare ta, ta harbo jirgin Mali marar matuƙi a Afrilun 2025, ƙasashen AES uku suka janye jakadunsu. Ƙawancen da ke ba da kariya yana kuma gadar wa mutum rigimar abokinsa.

ECOWAS ta yi abu guda na hankali a ranar rabuwa: ta ce har sai an ga hali, a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna, a bar kayansu su wuce bisa tsohon tsari. AES ma ta ce ƙofarta a buɗe take ga 'yan ECOWAS, ko da yake ta fitar da nata fasfo, ta kuma sa nata harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su, daidai da wanda a da ake tara wa ECOWAS. Ma'ana, zaman miliyoyin 'yan Mali da Burkina a Kwaddibuwa, da na 'yan Nijar a Kano da Legas da Akara, yana rataye ne a kan sanarwa, ba a kan yarjejeniya ba. Sanarwa kuwa ana iya janye ta da safe ɗaya. Zargi kuma bai kwanta ba: da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Talon ranar 7 ga Disamba 2025, jiragen yaƙin Najeriya suka taimaka aka murƙushe su bisa roƙon gwamnatin Benin, Abuja ta ga nasara, masu mulkin Sahel kuma suka ga abin da aka so yi musu a 2023. Bazoum kansa har wannan lokacin yana tsare ba tare da an yanke masa hukunci ba, kuma wannan zalunci ne ko da me mutum ya ɗauki mulkinsa.

Najeriya da Nijar suna da wani tsohon ɗaki da ya girmi ECOWAS: Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971, hedikwatarta a Yamai. Ta nan aka saba tattauna ruwan Komadugu da Gulbin Maraɗi, da burtalin makiyaya, da cututtukan dabbobi, da fari. Da Yusuf Tuggar, ministan harkokin wajen Najeriya a lokacin, ya je Yamai a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, farfaɗo da ita na cikin abin da suka amince a kai. Aiki na jiranta. Layin dogon da Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, an tsara shi ne lokacin da ƙasashen biyu ke ƙarƙashin dokar kwastan guda, da nufin jawo kayan Nijar daga Kwatano zuwa tashoshin Legas. Yanzu jirgin zai tashi daga ƙasar da ke cikin ECOWAS ya sauka a wadda ta fita. Kafin taragon farko ya wuce Jibiya, sai an zauna an rubuta wane haraji kwantena za ta biya, wace takarda fasinja zai nuna, sojan wa zai tsare layin a dajin da ke tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, da kuma tabbacin da za a ba ɗan kasuwar Maraɗi cewa ranar da aka sake saɓani ba za a tsayar masa da kaya a Kano ba.